Ƙulli Goma Sha Tara

An tsinci gawar Mai Zare da hantsi, a kife cikin ruwa ƙarƙashin madatsar fadama. Ruwan wurin ko gwiwa bai kai ba. Goshinsa ya fashe, a wuyansa kuma akwai shatar igiya, ja wur, ta zagayo daga ƙeya har ƙasan kunne.

Kafin a aiko kirana gari ya gama shari'a. Igiya ce, to wa ke yawo da igiya? Mai shanu. Wa ya yi cacar baki da mamacin makon jiya a gaban jama'a? Dogo mai shanu. Aka je aka kamo shi wurin tatsa, aka fasa masa baki. Da ƙyar mai gari ya ƙwace shi ya kulle a ɗakin ajiyar taki. Samari suka zauna a ƙofar da sanduna, ɗaya da galan ɗin fetur tsakanin ƙafafunsa.

Mai gari ya ja ni gefe. "Motar 'yan sanda sai bayan la'asar. Gada ta karye, sai sun zagayo. Yaran nan ba za su jira la'asar ba. Ka duba ƙasa ka faɗa mini."

"In ƙasa ta ce Dogo ne fa?"

"Sai mu miƙa shi da ransa. Iyakar abin da nake nema ke nan."

Ni aikina bin sawu. Aji uku na yi a makaranta malami ya ce in tashi in ba wasu wuri, kuma bai zalunce ni ba. Amma akuyar da aka sace, ko ɓarawon da ya haura katanga, shekara talatin ni ake kira. Ba na duba, ba na tsubbu. Abin da idona ya gani nake faɗa, ya yi wa mutum daɗi ko kada ya yi. Shi ya sa abokaina ba su da yawa.

Bari in yi bayanin fadamar, don wanda bai san ta ba zai ɗauka hauka muke yi. Shekara shida da suka wuce mutanen ofishin kula da daji suka zo suka zagaye ta da waya saboda gizo-gizo. I, gizo-gizo. Wani iri ne babba, baƙi-baƙi, da farin layi biyu a gefen jikinsa, yana tafiya a kan ruwa kamar a kan daɓe. Suka ce sun bi fadamu har sun gaji, ba su same shi ba sai nan da wasu wurare biyu masu nisa, ɗayan ma ya riga ya ƙafe. Ba ya zama sai inda ruwa mai tsabta ke kwance duk shekara, da kyauro a tsaye cikinsa. Macen tana riƙe ƙwanta a dunƙule cikin baki. In lokaci ya yi sai ta hau kan kyauro ta saƙa wata 'yar rumfa, 'ya'yan su fashe a ciki, ita ta tsaya gadi a ƙasa. Rumfar nan ake ƙirgawa, da sassafe, lokacin da raɓa ke nuna ta.

Mutum biyu ofis ya ɗauka aikin ƙirgan: tsohon da ya mutu, da ƙanwata. Duk rumfar da suka gani sai su ɗaura jan zare a jikin kyauron, don kada a ƙirga ta sau biyu. Daga nan tsohon ya sami sunansa. Akwai kuma sharaɗi da kowa ya sani: duk shekarar da rumfa ta gaza talatin, za a cire waya a mayar wa manoma wurin. Rabin gari addu'ar da suke yi ke nan. Wannan makon ne ƙirgan ƙarshe na bana.

A bakin madatsa ban sami abin karantawa ba. Mutum hamsin sun tattake gaɓar suna kallon gawa. Na dai ga jini a jikin ƙarfen da ake murɗawa a buɗe ruwa, gefen katakon da ake tsallakawa. Na bi waya ta waje. A gabas an danne ta, shanu sun shiga, amma kashinsu ya yi ɓawo, buzuzu har ya haƙe shi. Ba na yau ba ne. Gaba kaɗan na ci karo da baƙin tiyo, an binne rabinsa, ya ratsa ƙarƙashin waya ya nufi gonar Mai Inji, mutumin da ya fara ganin gawar, wanda kuma ya fara ambatar sunan Dogo.

*

Ɗakin takin yana yaji a ido. Dogo na zaune kan buhu, leɓensa ya kumbura kamar an cusa masa lemo.

"Ka shigar da shanu?" na ce.

"Shekaranjiya. Ƙishi suke ji. In bar saniya ta mutu saboda ƙwaro?"

"An ce ka ce za ka rataye tsohon."

"Na ce zan rataye shi a jikin wayarsa ya bushe. Kai ba ka taɓa faɗa wa mutum irin wannan ba?"

"Kullum."

Na karɓi igiyar da aka ƙwace a hannunsa. Kaurinta ya kai babban yatsana. Shatar wuyan mamacin kuwa ba ta fi tsinken tsintsiya biyu ba. Na fita na nuna wa samarin. Mai fetur ya ce, "To shi ke nan igiya ɗaya gare shi a duniya?" Sauran suka yi dariya. Ban ga laifinsa ba, ni ma da haka zan tambaya.

Da na mayar wa mai gari igiyar na koma ɗakin, Dogo ya riƙe bakin rigata. "Mai sawu, matata cikin wata tara gare ta. Tana bukka ita da tsohuwata. Fetur ɗin can ba don ni kaɗai aka sayo shi ba."

"Sake ni in yi aiki."

*

Na sami Mai Inji a ƙarƙashin rumfar injinsa, yana ba mutum uku labarin yadda ya ga gawa. Na lura kowane zagaye labarin sai ya ƙara tsawo. Na kori masu sauraro.

"Me ya kai ka madatsa da hantsi?"

"Wucewa na zo yi."

"Zuwa ina? Bayan madatsa babu hanya sai ruwa."

Ya fara rantse-rantse. Na bar shi ya gama, sannan na taka tiyon da ke bakin injin, na ce, "Ɗaya bakin wannan yana ina?"

Ya dubi tiyo, ya dube ni, ya zauna. "Wata biyu ke nan. Albasa na mutuwa, ruwa na kwance can ana yi wa ƙwaro gadinsa. Bakin tiyon ne ya toshe na je dubawa. Ruwa na sata, ban saci rai ba."

"Tsohon ya san da tiyon?"

"Ya sani. Jiya ma ya tsaya nan inda kake. Ya ce, ka daina wahalar da kanka da binne roba, bana ba za ta kai ba, waya za ta faɗi ka sha ruwanka da rana tsaka. Yana faɗa yana share ido. To kai ka gaya mini, mutumin da zai buɗe mini fadama da bakinsa, in kashe shi in sami me?"

"To me ya sa ka kira sunan Dogo?"

"Ina tsaye kan gawa, tiyona na gefe. In ban kira wani ba ni za a kira."

Na so in mare shi. Amma ya ba ni abin da ya fi mari amfani. Tun safe gari ke neman wanda tsohon ya hana wa ruwa. Ashe wanda ya kamata a nema shi ne wanda tsohon zai yi wa asara in ya buɗe baki.

*

Jami'in ofis yana da ɗaki na kwano a bakin ƙofar fadama. Mai Tabarau muke ce masa. Tebur ɗaya, kwalabe a jere, taswirar fadamar a bango an cake ta da allurai, sai sandarsa doguwa a jingine bayan ƙofa. Idonsa ya yi ja.

"Da sassafe kana ina?"

"Nan, ina cika takardu."

"Wa ya gan ka?"

"Babu."

"In waya ta faɗi, aikinka fa?"

"Za a tura ni wani wuri in ƙirga tsuntsaye. Ba zan ji daɗi ba, amma ba zan kwana da yunwa ba." Ya cire tabarau ya goge. "Kun sami igiyarsa?"

"Wace igiya?"

"Baba ba ya rubutu. Siririyar igiya yake ratayawa a wuya, ƙarƙashin riga. Duk rumfa ɗaya, ƙulli ɗaya. Ranar ƙarshe sai ya cire ya ajiye mini a teburin nan in ƙirga. Shekara shida ban taɓa kama shi da ƙarin ƙulli ko ragi ba. Da aka fito da shi na duba wuyansa, babu ita."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa. Wa ke jin mai tabarau a cikin wannan ihun?"

"Ƙulli nawa ne a jiki?"

"Ba ya faɗa sai ranar. Ƙanwarka dai ta ce mini sun kai talatin da ɗaya."

Na nuna sandar. "Wannan fa?"

"Shekarar farko laka ta taɓa haɗiye ni har ƙirji. Tun daga ranar ba na sa ƙafa sai na soka sanda. Su biyun dariya suke yi mini."

*

Ƙanwata tana zaune a ɗakin da mijinta ya bar mata, bayan gidanmu na gado. 'Ya'ya uku ta haifa, duka ta binne su kafin su yi tafiya, sannan ta binne ubansu. Lokacin da ofis ke neman masu ƙirga ba wanda ya yarda sai tsohon da ita. Mata suka yi ta yi mata habaici, yara suka sa mata Uwar Gizo. Ba ta taɓa kulawa ba. Ta taɓa ce mini, "Yaya, ka san uwar sati uku take riƙe da ƙwan nan a baki? In rana ta yi zafi sai ta sauka ta tsoma shi a ruwa ta dawo." Na ce mata ta nemi miji. Wata guda ba ta gaishe ni ba.

Na tarar da ita a kwance kan tabarma. Takalmanta na shiga ruwa suna kife kan sanduna biyu a tsakar gida, suna ɗiga.

"Yaya."

"Jikin ne?"

"Zazzaɓi tun asuba. Yau ban fita ba."

"Takalmi kuma ya fita shi kaɗai?"

"Wankewa na yi. Zaman banza ya ishe ni."

Ta tashi ɗebo mini ruwa. Akwai kayan shanya a igiya biyu tsakanin ɗaki da randa. Kowa in zai wuce sai ya ture zane da hannu. Ita sai ta juya kafaɗa gaba, ta ɗaga gwiwar hannu, ta sulale a kaikaice, ko zane ɗaya bai motsa ba. Na sha ganin haka, har tsiya nake yi mata cewa fadama ta karkatar da ita. Ranar ban yi tsiya ba.

"Talatin da ɗaya kika ce wa Mai Tabarau?"

"Haka ne."

"Tsohon ya ce wa Mai Inji ba za ta kai ba."

"Baba idonsa ya fara rauni."

Na sha ruwan. Hannunta da ya taɓa nawa sanyi ƙalau.

"Dogo za su ƙona," na ce. "Shi da matarsa."

Ta koma kan tabarma ta juya wa bango fuska. "Ba za su ƙona shi ba, Yaya. Ai kana nan."

*

Na koma fadama, wannan karon ta yamma, inda jama'a ba su taka ba. Mutanen garinmu ba sa shiga ruwan, suna tsoron cizo. Ko gawar daga kan katako aka jawo ta.

Cikin fadama ƙafa ba ta barin sawu, laka tana rufewa nan take. Abin da ake karantawa shi ne kainuwa da ta dare ba ta gama haɗewa ba, da kyauron da aka goga, da taɓon da ya fantsama. A gindin waya na sami inda mutum ya fito: ciyawa ta kwanta, laka a kanta ba ta gama bushewa ba. Na tuɓe takalmi na shiga, na bi hanyar da baya.

Da gudu mutumin ya fito. Taɓo ya fantsama a ganye har tsayin ƙirjina, mai tafiya a hankali ba ya yin haka. Amma hanyar ba ta miƙe ba. Ta yi dama, ta yi hagu, ta sake yin dama, kamar tafiyar maciji. Na ɗauka rami yake kauce wa. Na soka ƙafa a lanƙwasar farko, ƙasa daidai take. Da na ɗaga kai sai ga jan zare a jikin kyauro, sama da shi rumfa, fara, cike da 'ya'ya kamar an watsa garin barkono. Lanƙwasa ta biyu, jan zare. Ta uku, jan zare. Sau goma sha ɗaya mai gudun nan ya karkace, sau goma sha ɗaya akwai rumfa a wurin, ko ɗaya bai taɓa ba. Na duba gefen hanyar tun daga waya, babu ramin sanda ko guda.

Hanyar ta ƙare a ƙarƙashin madatsa, taku biyu daga inda tsohon ya kwanta. A nan na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido.

Kyauro ne ɗaya da ya karye, abu mai nauyi ya faɗa masa. An ɗaga shi an jingina da na kusa, an ɗaure su da jan zare, sama da ƙasa, ɗauri mai kyau, ba na gaggawa ba. A jikin karan akwai laka da jini. Zaren yana kan jinin, shi kuma tas. Rumfar da ke sama ta yage gefe ɗaya amma tana nan, uwar na ƙasa ta baje ƙafafu tana gadi.

Wato bayan tsohon ya faɗi, yana kife cikin ruwan da bai kai gwiwa ba, wani ya tsaya a nan, taku biyu daga kansa, ya gyara wa gizo-gizo gida.

Na hau katako na zauna har inuwa ta juya. Ba tunanin waye nake yi ba. Tunanin ko akwai wata hanyar karanta wurin nake yi. Na karanta shi daga gaba, na karanta daga baya. Abu ɗaya yake faɗa.

*

Bayan azahar na sa mai gari ya tara mutane a gaɓa. Aka fito da Dogo, samari na biye da shi da galan ɗinsu. Aka kira Mai Inji da Mai Tabarau. Ƙanwata ni na je na taho da ita da kaina. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta dai sa takalmanta.

Na rataye hulata a ƙarfen madatsa, na dawo da su nesa kaɗan, inda sai an ratsa kyauro kafin a kai. "Kowa ya shiga ya taɓa hular nan ya fito."

"Wasa muka zo kallo?" in ji mai fetur.

"Kai dai riƙe galan ɗinka kada ya zube maka a wando."

Dogo ya fara. Ya miƙe sak kamar sa ya ga ruwa, yana karya kyauro da gwiwa, yana ture na sama da hannu. Wata tsohuwar rumfa da babu kowa a ciki ta manne masa a fuska, ya share ya yi tsaki. Mai Inji ya bi, shi ma sak, yana ƙorafin wandonsa. Mai Tabarau ya ce sai an kawo masa sandarsa. Ya shiga yana sokawa, yana tsayawa, yana leƙe, yana zagaye duk inda ya ga jan zare. Kafin ya kai hula mutane har sun fara hamma.

Sai na juya na faɗa musu abin da na gani a yamma: gudun, da lanƙwasa goma sha ɗaya, da rashin ramin sanda. Na ce igiyar da ta yi shata a wuyan tsohon tasa ce ta ƙirga, fizgarta aka yi. Ban ambaci kyauron da aka ɗaure ba.

"Dogo ko da kuɗi aka ba shi ba zai iya wannan tafiyar ba," na ce. "Kun gani da idonku. Mutum uku ne a duniya ke tafiya haka. Ɗaya yana kwance an rufe shi da zane. Ɗaya ba ya taku sai da sanda."

Na nuna wa ƙanwata inda za ta shiga. Na zaɓi wurin tun kafin su zo: matsattsen lungu ne tsakanin kyauro, a tsakiyarsa rumfa mai rai ta tare hanya daidai ƙirji.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. A raina roƙon Allah nake yi ta ture rumfar. Ta ji duk abin da na ce, ba wawuya ba ce. Da ta sa ƙirji ta yaga rumfar nan ta wuce kamar Dogo, da na sami wurin ɓuya. Da na ce sawu ya rikice, ban san kowa ba, Dogo dai ba shi ba ne. Shekara talatin ban yi ƙarya a kan ƙasa ba, ranar na shirya yi.

Ta shiga. Ta kai gaban rumfar ta tsaya. Ta waiwayo ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta juya kafaɗa gaba, ta ɗaga gwiwar hannu, ta sulale ta gefe. Rumfar ko motsi ba ta yi ba.

Ba ta nufi hula ba. Ta wuce kai tsaye ƙarƙashin madatsa, wurin kyauron da ban gaya wa kowa ba, ta sunkuya ta taɓa ɗaurin ta ji ko ya saki. Daga nan ta kwance bakin zanenta ta fito da siririyar igiya, ta miƙa wa Mai Tabarau sama kan katako.

"Goma sha tara ne, Malam. Tun safe nake zaune da ita in ƙara goma sha biyu, hannuna ya ƙi."

Mai gari ya ce, "'Yata, me ya faru?"

"Roƙonsa na yi, Baba. Na ce shekara ɗaya kawai, tiyo ne ya janye ruwa, baɗi za su dawo. Ya ce shi bai taɓa ƙulla abin da bai gani ba. Na kama igiyar, ya ja, na ja. Katako da santsi." Ta nuna kyauron da ta ɗaure. "Da ya faɗi, a kan wannan ya faɗi. 'Ya'yan suka fara zuba cikin ruwa. Na ga tsohon yana motsi, na ce zai tashi, ai ruwan ba zurfi. Na ce bari in ɗaga wannan tukuna. Da na gama ɗauri na juyo, ya daina motsi."

Wata mata a gaɓa ta fara salati a hankali.

"Dogo fa?" na ce. "Kina kwance kina jin ana dukansa."

"Na san za ka gano, Yaya. So nake kawai a wuce ranar ƙirga."

Na duba inda mai fetur yake, babu shi, ya bar galan ɗin a ƙasa. Dogo ya karɓi igiyarsa a hannun mai gari, ya tofar da jini, ya kama hanyar bukkarsa. Kafin sati ya kwashe shanunsa da matarsa da jaririn ya bar mana garin. Ba wanda ya je ba shi haƙuri, har ni.

Aka sa ƙanwata a ɗakin taki, ni na zauna a ƙofar da sandata har motar ta zo. Ba wanda ya matso.

*

Mai Tabarau ya rubuta goma sha tara. An cire waya kafin kaka. Mai Inji ya sayo inji na biyu, wasu huɗu suka bi sahunsa. Yanzu albasa ce tun daga ƙofa har madatsa, kuma ta yi kyau, ba zan ce ba ta yi ba.

Wata uku kafin a bar ni in gan ta a gidan yari. Akwai waya tsakaninmu, da benci, da ma'aikaciya mai duba agogo. Ta rame. Ba ta tambayi gida ba, ba ta tambayi abin da mutane ke cewa ba.

"Ruwan ya kai ina?"

"Saura kududdufin ƙarƙashin madatsa. Shi ma ba zai kai bazara ba."

Ta gyaɗa kai. "Wadda na ɗaure fa?"

"Na je bayan kwana biyar. Ɗaurin na nan. Rumfar ba kowa, sun watse."

"Sun watse," ta ce. Fuskarta ta ɗan saki. "To sun rayu ke nan. Ina suka yi?"

"Ban sani ba."

"Kai fa mai bin sawu ne, Yaya."

Ban gaya mata cewa na nema ba. Kwana uku na yi ina zagaya kududdufin nan da sassafe, a kaikaice, kafaɗa gaba, mutane na kan kunyar albasa suna nuna ni. Na duba kainuwa, na duba kyauro ɗaya bayan ɗaya. Ruwan yana nan lumui, ko tabo babu.

Ma'aikaciyar ta ce lokaci ya yi. Ƙanwata ta tashi. Ƙofar da za ta bi faɗinta ya isa mutum biyu, amma sai da ta juya kafaɗa ta wuce.